Wanda ya ƙi roƙo, mai mutunci ne ko mai girman kai?

Baban Nanle: Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai, ban taɓa sa baki ba. Yau dai akwai abin da ya tsaya mini a rai, ku yi haƙuri da tsawon maganar.

Sana'ata dankalin Turawa. Nakan saro a Maikatako can Bokkos, in kai Mararaba kusa da Abuja, wani lokaci in sauke a nan Farin Gada cikin Jos. Shekara 11 ke nan ina yi. Ba wanda ya ba ni jari, da buhu 3 na fara ina raɓe a motar wasu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya haura, riba ta ragu, amma ana lallaɓawa. Da daminar nan na zuba kusan duk abin da nake da shi a lodi ɗaya, buhu 70. Motar ta lalace a Hawan Kibo, ta kwana 3 a tsaye ruwa na dukanta. Kun san dankalin damina ba ya son jiƙa. Kafin mu sauke a Mararaba fiye da rabi ya ruɓe, sauran kuma dillalai suka saye shi yadda suka ga dama.

Ban gaya wa kowa ba. Uwargidana ma ce mata na yi kasuwa ce ta yi sanyi. Ranar Lahadi ina sa kayana masu kyau, ina zama inda na saba, baikona ma ban rage ba don kada ma'aji ya lura. Da kuɗin makarantar yara ya taso sai na ci bashi a irin manhajojin nan na waya. Wa'adi ya cika, na ci na biyu na biya na farko, haka na yi ta yi. A wata na huɗu na kasa. Sai suka tura saƙo ga duk lambobin da ke wayata cewa ni maci bashi ne mai gudun biya. Surukina ya samu, fastonmu ya samu, har malamin ɗana ya samu.

Washegari da yamma wani dattijon majami'armu ya zo gida. Ya yi mini jaje, ya yi addu'a, amma da zai tashi sai ya ce, "Ɗana, ba asara ce ta kai ka nan ba, girman kai ne." Har yau maganar tana ci na. Ni ban taɓa raina mutum ba, yaro da babba ina gaishe su. Abin da na ƙi kawai shi ne in zama kaya a wuyan wani. Mahaifina ya rene mu a kan cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. To ku gaya mini tsakani da Allah, wanda ya rufe bakinsa ya yi fama da wahalarsa shi kaɗai, mai girman kai ne?

Istifanus: Sannu Baba, Allah ya mayar da alheri. Ni dai a ganina dattijon nan bai kyauta ba. Mutum yana kwance ba a taka shi. Kuma tun yaushe neman na kai ya zama zunubi? Bulus da kansa ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci abinci, 2 Tasalonikawa 3:10. Ɗinkin tanti ya yi, ya kuma gaya wa dattawan Afisa cewa hannuwansa ne suka biya bukatarsa da ta abokan tafiyarsa. Ni walda na koya a Jos, yanzu shagona yana Nyanya, kullum ina ganin samari majiya ƙarfi daga wannan kwanan addu'a zuwa wancan, ka kira su aiki su ce suna jiran lokacin Allah. Ciwonmu ke nan a Arewa, jira da miƙa hannu. In aka samu mutum ɗaya da ya ƙi roƙo, kamata ya yi a yaba masa.

Rifkatu: Ni ma ban ga laifinka ba a kan shirun, Baba. Mu faɗi gaskiya, a wasu majami'unmu ka gaya wa mutum ɗaya damuwarka, kafin Laraba ta zama "abin addu'a" a bakin mutum ashirin. Ya taɓa faruwa da ni lokacin da aurena ya shiga matsala, na gaya wa wadda na amince da ita, sai ga labarina a wurin koyon waƙa. Tun daga nan na koyi cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mama Saratu: 'Ya'yana, ku bar ni in ba ku nawa, don na bi ta hanyar nan da ƙafata. Ina da shagon atamfa a babbar kasuwar Terminus ta Jos. A watan Fabrairun 2002 wuta ta cinye kasuwar, 'yan watanni bayan rikicin Satumbar 2001 wanda ya riga ya karya mana ciniki. Ko yadi ɗaya ban fitar ba. Maigidana ya riga ya rasu, yara huɗu a gabana.

Kafin gobarar, a Zumuntar Mata ni ce ake zuwa wurina. In za a yi anko, ni ke bayarwa bashi. In wata ta haihu, turmi nake kai mata. Bayan gobara matan zumunta suka haɗa masara da manja suka aiko. Na karɓa da fara'a, da dare na sa yarona ya kai wa wata gwauruwa, wai ita ta fi ni bukata. A daren nan kunu kawai 'ya'yana suka sha suka kwanta. Sau biyu na yi haka.

A karo na uku wata tsohuwa ce ta kawo da kanta, mai sayar da itace, wadda na sha ba ta zani kyauta. Mudu biyu na acca a ƙullin ɗankwali. Na fara cewa "Haba Kaka, ke da kanki", sai ta ajiye a ƙasa ta ce, "Shekara nawa ina karɓa a hannunki ban mutu ba? Yau ke ce ba za ki iya karɓa a nawa ba?" Na zauna na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar gobara. Ashe ba yunwa nake tsoro ba. Na saba hannuna ne a sama, ba na son ya koma ƙasa. Ni ma ina gaishe da kowa, Baban Nanle. Har durƙusawa nake yi. Amma a cikin zuciyata ni ce mai bayarwa, su ne masu karɓa, kuma na so abin ya tabbata haka har abada.

Baban Nanle: Mama, na gode. Maganarki ta taɓa ni.

Malam Ayuba: Baban Nanle, sannu da wannan jarrabawa. Kafin in ce komai ina da tambaya, in ka ga dama ka amsa. A cikin wata huɗun nan, me kake cewa in ka durƙusa?

Baban Nanle: Malam, gaskiya addu'ar ma raguwa ta yi. In na yi kuwa, abu ɗaya nake maimaitawa, Ubangiji ka rufa mini asiri, kada kowa ya sani.

Malam Ayuba: Na gode da ka faɗi gaskiya, ba kowa ke iyawa ba. Ka lura, ba ka ce "ka taimake ni" ba, ka ce "kada a sani". Roƙon rufin asiri ba laifi ba ne, dukanmu muna yi. Amma in shi kaɗai ya rage a bakin mutum, to abin da yake tsaro sunansa ne. Akwai kuma kalma ɗaya a rubutunka ta farko da ta fi damuna: ba ka rage baiko ba don kada ma'aji ya lura. Ɗan'uwana, baikon nan na watannin, wa aka ba? Kuɗin bashi mai ruwa ne ka sa a faranti, don idon mutum ɗaya. Ba ina faɗa don in ƙara maka ciwo ba, ni ma na yi irinsa a wata siffa.

Mu a Hausa da an ce girman kai sai mu tuna mai ɗaga hanci, wanda ba ya amsa gaisuwa. Wannan kowa na ganinsa, har muna cewa girman kai rawanin tsiya. Littafi Mai Tsarki ya fi damuwa da wanda ba a gani. Ku karanta 2 Tarihi 26. Uzziya ya hau sarauta yana ɗan shekara 16, ya yi shekara 52 a kai. Ba malalaci ba ne. Ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi da yawa, yana da garkuna da manoma, an ma rubuta cewa yana son noma. Aya ta 15 ta ce an taimake shi ƙwarai har ya yi ƙarfi. Aya ta 16 kuma, da ya yi ƙarfin sai zuciyarsa ta kumbura. Tsakanin ayoyin nan biyu abu ɗaya ya manta, wato an taimake shi. Ya shiga Haikali zai ƙona turare da kansa, firistoci 80 da shugabansu suka tare shi, ya husata, kuturta ta fito masa a goshi, da ita ya mutu. Musa ma ya riga ya gargaɗi Isra'ila a Maimaitawar Shari'a 8:17-18, kada su ci su ƙoshi su ce ƙarfin hannunsu ne ya samo musu, gama Ubangiji ne ke ba da ikon samu.

Ka ce ba wanda ya ba ka jari. Amma ka ce a motar wasu ka fara.

Istifanus: Malam, da girmamawa, in aka bi wannan ai ba mai iya cewa ya yi komai. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Allah ma cewa ya yi tashi in taimake ka.

Dauda: Yaya Istifanus, "tashi in taimake ka" karin maganarmu ce, ba aya ba ce, babu ita daga Farawa har Wahayin Yahaya. Tana da gaskiyarta, amma in aka mai da ita tushen bangaskiya sai ta juye bishara, don Romawa 5:6 cewa ta yi tun muna raunana Almasihu ya mutu dominmu. Wannan gardama tsohuwa ce. A makarantar tauhidi mun karanta ta tsakanin Felajiyus, wani malami ɗan Birtaniya, da Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya. Felajiyus mutumin kirki ne mai horon kai, ya ga Kiristocin Roma sun yi sanyi, sai ya koyar cewa mutum yana da ikon cika umarnin Allah da nufin kansa in ya dage. Agustin ya riƙa mayar masa da 1 Korantiyawa 4:7, me kake da shi wanda ba ba ka aka yi ba? A 418 majalisar bishop-bishop a Kartaj ta ƙi koyarwar Felajiyus. Abin da ya ba ni tsoro da na karanta shi ne, maganarsa tana da daɗin ji ga mai ƙwazo. Malalaci ba ya faɗa wa wannan rami, mai himma ne ke faɗawa.

Gyang: Ni ban yi makarantar tauhidi ba, manomi ne ni, amma na gane maganar. Dankalin nan da Baban Nanle ke saya mu ke noma shi. Ka gyara gona, ka sayi iri mai tsada, ka sa taki, ka yi feshi a kan lokaci. In aka jera kwanaki ana yayyafi da hazo, ciwon nan mai ƙona ganye ya shigo, cikin mako ɗaya gona ta yi baƙi kamar an sa mata wuta. Wanda bai yi feshi ba ya ce ya dogara ga Allah, wannan wawa ne. Wanda ya yi feshi ya ce shi ke nan ya gama, shi ma bai san noma ba. Mutanen Nehemiya addu'a suka yi, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Ban taɓa ganin manomin da ya yi shekara ashirin a gona yana cewa "ni na yi" da dukan bakinsa ba.

Istifanus: To na ji. Amma ku dubi tarihin ikilisiyoyinmu. Me ya sa ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954? Me ya sa COCIN ba ta mutu ba da Turawan mishan suka koma gida? Saboda an koya wa iyayenmu dogaro da kai, su gina majami'arsu, su ciyar da fastonsu, su aika nasu masu bishara. Da sun zauna jiran kuɗin Ingila da Amurka da yanzu babu mu.

Malam Ayuba: Wannan gaskiya ce, ɗana, ina kuma alfahari da ita. Tun zamanin Henry Venn na CMS, ƙungiyar mishan ta Ingila, ake koyar da ita, ikilisiya ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta. Amma "kai" ɗin nan na wa? Na taron ne gaba ɗaya. Majami'ar ƙauyenmu da gayya aka gina ta, maza na kwaɓa ƙasa, mata na ɗebo ruwa, baikon kaka kuwa dawa ce da acca a kwando. Dogaro da kansu shi ne dogara ga Allah tare da jingina da juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu ne muka ɗauki kalmar muka mai da ita "ni kaɗai".

Kuma tunda ka taɓo tarihi, ka tuna yadda aka fara aikin mishan ɗin da ya haifi ECWA. Samari uku suka sauka Legas a Disambar 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da ƙarfinsu da ƙudurinsu. Cikin 1894 biyu suka mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka samu kafa tasha a Patigi. Ba wanda zai karanta wannan ya ce ƙarfin mutum ne ya dasa ikilisiyar da kake magana a kai.

Fasto Markus: Salama. Na biyo ku tun daga sama, bari in ɗan ƙara a kan Bulus, don Istifanus ya kawo shi da kyau amma rabi. Gaskiya ne a Tasalonika ya yi aiki dare da rana don kada ya nauyaya wa kowa. Amma ku buɗe Filibiyawa 4:16. Yana cikin Tasalonikan nan, mutanen Filibi suka aika masa taimako ba sau ɗaya ba, ya kuma karɓa. Wasiƙar ma daga kurkuku ya rubuta ta, yana godiya a kan kyautar da Abafaroditus ya kawo. Ayar nan ta 13 da muke liƙawa a bayan mota, cewa zan iya yin komai ta wurin mai ƙarfafa ni, tana tsakiyar wannan godiya, bayan ya ce ya koyi zaman ƙoshi da zaman yunwa. Mutum ɗaya, yana ɗinka tanti da hannu ɗaya, yana karɓa da ɗayan, ba ya jin kunyar ko wanne. A Galatiyawa 6 ma ya haɗa su, aya ta 2 ku ɗauki nauyin juna, aya ta 5 kowa zai ɗauki nasa kayan.

Ba kuma doka ba ce cewa kullum sai an roƙa. Ezra ya ji kunyar roƙon sarki sojojin rakiya, don ya riga ya shaida masa cewa hannun Allah na tare da masu nemansa, sai suka yi azumi a bakin kogin Ahawa suka kama hanya. Nehemiya kuwa ya roƙi wasiƙu da katako, ya tafi da mahayan sarki, shi ma ya ce hannun Allah ne. Kowannensu sunan Allah yake tsaro. Abin da mutum zai tambayi kansa ke nan idan ya yi shiru, sunan wa nake karewa?

Game da dattijon, ba zan yanke masa hukunci ba. Da ni ne wataƙila da na bari kwana biyu su wuce. Amma ya zo gidanka, ya faɗa maka a fuskarka, bai kai wurin koyon waƙa ba.

Rifkatu: Fasto, wannan ta ƙarshen da ni kake 🙏 Na karɓa. Amma har yanzu ina cewa sai an gyara bakin mutane kafin a ce kowa ya buɗe cikinsa.

Fasto Markus: Da gaskiyarki, 'yar'uwa. Ba a ce a yi shela ba. Mutum ɗaya ko biyu masu riƙe amana sun isa. Yesu ma a Getsamani uku ya ɗauka ya gaya musu ransa na shan wahala har ya kai ga mutuwa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Sun yi barci, amma ya roƙa.

Hannatu: Ku ba ni dama in yi magana daga ɓangaren masu karɓa, don an fi sa musu ido. Mu daga Mubi muka gudo a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga garin, har hedkwatar ikilisiyarmu ta EYN da ke Kwarhi ta tashi shugabanninmu suka dawo Jos na wani lokaci. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne mai ritaya, gidansa a cike yake da 'yan'uwa kullum. A Jos ya shiga layin karɓar bargo. Ba zan manta da mutanen garin nan da suka buɗe mana ɗakunansu ba, wata mata a Tudun Wada ta ajiye mu wata biyar ba ta taɓa ambata ba ko sau ɗaya. Amma akwai waɗanda suka zo da buhun shinkafa ɗaya da mai ɗaukar hoto. Sai an jera mu, an sa buhun a gaba, an ɗauka, an sa a Facebook. Babana yakan juya fuskarsa. Har ya rasu bai daina jin zafin hoton nan ba.

Don haka in za a ce wa Baban Nanle ya koyi karɓa, a ce wa masu hali su koyi bayarwa. Ubangiji ya ce hagunka kada ta san abin da damarka ke yi. Sau da yawa girman kan mai bayarwa ne ke sa mabukaci ya gwammace ya je wurin mai bashi da ruwa. Aƙalla shi ba ya jiran a durƙusa masa, haka mutum ke gani, sai ranar da ya tona maka asiri.

Mama Saratu: 'Yata, Allah ya ta'azantar da ku. Abin da kika faɗa ni ya fi kamawa. Turamen da nake kaiwa a da, a gaban mata nake miƙawa. Yanzu in zan ba mutum abu da dare nake zuwa.

Dauda: Akwai ma wanda ya fi wuyar ganewa, na masu cewa "ni ba kowa ba ne, alherin Allah ne kawai", amma a manta sunansu a sanarwar godiya ranar Lahadi a ga yadda fuska za ta canza. Bafarisin nan na Luka 18 da "na gode maka ya Allah" ya buɗe addu'arsa. Yana azumi sau biyu a mako, yana ba da zakka, ba ƙarya ya yi ba. Mai karɓar haraji kuwa ko ido bai ɗaga ba, jinƙai kawai ya roƙa, shi ne ya koma gida baratacce. Ina faɗa ne ina duban kaina, mu masu karatun tauhidi mun fi kowa haɗarin wannan.

Rifkatu: Tunda an zo nan, ni a asibiti nake aiki, akwai wani nau'in da nake gani kullum. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ajiye maganinsa, wai ya karɓi warkarwa ta bangaskiya, shan ƙwaya rashin dogara ne. Bayan wata biyu a kawo shi rabin jiki ya shanye. Ni ban ga tawali'u a nan ba. Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali mala'iku za su tare shi, ya amsa cewa kada a gwada Ubangiji. Ishaya da ya kawo wa Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, shi ne kuma ya ce a shafa masa curin ɓaure a kan marurun. Mai ƙin magani da mai ƙin taimakon ɗan'uwa duk abu ɗaya suke yi, suna zaɓa wa Allah hanyar da zai bi.

Malam Ayuba: Kamar Na'aman. Ya zo da azurfa da zinariya da tufafi zai sayi lafiya, aka ce ya je ya nitse sau 7 a Urdun, ya husata don kogunan Dimashƙu sun fi. Yarinya baiwa ce ta nuna masa hanya tun farko, barorinsa ne suka lallashe shi a ƙarshe. Bitrus ma cewa ya yi Ubangiji ba zai taɓa wanke masa ƙafa ba, a kunne kamar ladabi ne. Amsar da ya samu ita ce, in ban wanke ka ba, ba ka da rabo da ni.

Istifanus: Na karanta Filibiyawa 4 ɗin a shago yau, ban taɓa lura da aya ta 16 ba. Na yarda da wannan. Amma ban janye ba a kan samarinmu, kada wani ya karanta zauren nan ya ce an ba shi lasisin zama. Kuma har yanzu ina ganin dattijon ya yi sauri.

Gyang: Ba wanda ya ce a zauna. Baban Nanle, ka yi shiru kwana biyu, lafiya?

Baban Nanle: Lafiya lau, na gode. Duk na karanta, wasu sau uku. Daren jiya bayan yara sun kwanta na zaunar da Maman Nanle na gaya mata komai, daga Hawan Kibo har adadin bashin. Ashe ta san da asarar tun satin farko, matar direban ce ta gaya mata. Wata huɗu tana jira in buɗe baki. Ta kwashi adashinta a watan na biyu, ta ajiye, ta rasa yadda za ta ba ni ba tare da na ji kunya ba. Kuɗin sun kusa kai abin da na fara ciyowa a waya. Ta ce asarar ba ta yi mata zafi ba kamar yadda take kwana da ni ɗaki ɗaya ina ɗaukarta baƙuwa. Ban sami abin cewa ba. Mun durƙusa tare, na kuma roƙi Ubangiji gafara a kan baikon nan da Malam ya ambata.

Wurin dattijon ban je ba tukuna. Zan je, amma zuciyata ba ta gama sauka ba, ba zan ɓoye muku ba.

Akwai kuma wani yaro da ya yi shekara huɗu a hannuna yana bin mota, yanzu ya fi ni jari. Shi ma saƙon ya same shi. Sau uku yana kirana ban ɗauka ba. Yau da safe na ɗauka. Ya ce zai ba ni buhu 10 in sayar in biya a hankali, kuma in sa su a motarsa ba kuɗin lodi. Har yanzu "Oga" yake ce mini. Wannan ta fi mini wuya a kan duk sauran. Na ce masa to.

Mama Saratu: Ka gaishe mini da Maman Nanle, ka ce mata ina so in ganta.

Gyang: In ka shigo Maikatako ranar kasuwa ka neme ni. Ina da ragowar na rani da ban fitar ba, ya bushe da kyau, ba zai ba ka matsala a hanya ba. Ka zo da tampol mai kyau wannan karon, hadari bai gama ba.

Baban Nanle: Zan zo in Ubangiji ya yarda. Bashi biyu ne suka rage a wayar, na Maman Nanle zai rufe ɗaya gobe. Istifanus, in motar ta iso Mararaba zan kira ka, ƙofar shagona ta Farin Gada tana son walda, sai mu yi magana ko kana da yaro a Jos da zai duba mini.

Istifanus: Akwai ƙanena a Gada Biyu, zan turo shi ranar Asabar. Kada ka ba shi komai Baba, ni zan sallame shi.

Baban Nanle: To. Na gode, ɗana.